Ranar Tashin Mama Jemimah

Ranar da aka yanke simintin da ke ƙafar Mama Jemimah a asibitin Shika, da ƙafarta ta shiga gida. A riƙe wannan da kyau, domin daga baya an samu mutane da yawa da suka ce ba su tuna ba.

Ɗan acaɓa ne ya kaɗe ta a bakin titin Samaru, inda take suyar ƙosai da dankali tana sayar wa ɗalibai, ƙashin ƙwaurinta na dama ya karye. Aka ɗaure ƙafar tun daga cinya har idon sawu, ƙashi kuma ya kama lafiya lau. Da aka buɗe, ƙafar ta fito siririya, fata tana saɓulewa kamar ɓawon albasa, amma dai ƙafa ce, tana jin taɓi, tana motsi. A sashen gashin ƙashi, wata ma'aikaciya mai suna Madam Remi, Bayarabiya mai Hausa a baki, ta kama gwiwar tana lanƙwasawa tana miƙewa, Mama Jemimah tana cije leɓe.

"Mama, ƙashi ya gama nasa aikin, saura naki," in ji Madam Remi. "Kullum ki taka ta. Ki lanƙwasa, ki miƙe, ko da kina hawaye. Duk mako ki zo mu gasa. In kika kwanta kika bar ta, naman zai ƙanƙance, ya yi tabo daga ciki, ya daskare. In ya kai nan, ni ma ƙarfina kaɗan ne."

Ta juya wajen Henry, ɗan Mama ɗaya tilo, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana danna waya.

"Oga, ka ji abin da na ce?"

"Na ji, Madam."

Keke napep ya sauke su a ƙofar gidansu da ke Hayin Dogo. Mama Jemimah ta ƙi yarda a ɗauke ta. Ta maƙale sandunan asibiti a hammata, ta taka daga ƙofar gida har gindin mangwaron da ke tsakar gida, tana ɗingishi tana dariya. Winifred, matar Henry, ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyo tana rera waƙar godiya. Da Mama ta isa gindin mangwaro sai ta jingina sanda ɗaya, ta girgiza kafaɗa irin ta 'yan zumuntar mata, don ita ce mai jan rawa a cocinsu tun kafin a haifi Winifred.

Henry bai yi dariya ba. Ya leƙa layi hagu da dama, ya ga ba kowa, ya tura ƙofa ya sa sakata.

Da yamma ya shigo ɗakinta da wata farar kwalba a hannu, ya durƙusa a gaban gado kamar mai neman aure.

"Mama, kin san tun da aka rufe masana'antarmu a Chikaji ban sake kama wani abin kirki ba. Wannan ita ce ƙofar da Ubangiji ya buɗe mini."

Ta san maganar. Wani kamfani ne na sayar da ƙwayoyin ƙarin lafiya, irin wanda za ka saya, ka kawo mutane su saya, su ma su kawo wasu. Wanda ya shigar da shi wani Oga Iyke ne, haifaffen Sabon Gari, mai shagon kayan gyaran janareta da baki kamar zuma.

"Jikin mutum kamar ƙarfe yake, Mama, yana tsatsa daga ciki. Wannan ƙwaya antioksidan sunanta, ita ke wanke tsatsar."

"To ba ni in sha, in ci gaba da takawata."

"Ai nan maganar take." Ya gyara durƙuso. "Asabar ta sama akwai babban taro a Sabon Gari. Babban oga zai zo daga Legas. Duk wanda ya kawo shaidar da ta fi girgiza mutane, shi za a ba wa riƙon Zariya gaba ɗaya. Mama, kowa a Samaru ya san mashin ya kaɗe ki. In aka gan ki yau kina yawo a tsakar gida, za a ce aikin asibiti ne. Amma a ce an turo ki a keken guragu, jama'a suna kallo, kin tashi, kin taka rawar nan taki..."

"Ƙarya ke nan, Henry."

"Ina ƙaryar? Za ki sha ƙwayar, za ki tashi. Lokaci kawai muka gyara."

"Likitar ta ce in riƙa takawa."

"Kwana nawa ne, Mama? Kin yi watanni a siminti ba abin da ya faru."

Ta dube shi. Ta dubi takalminsa da ya buɗe baki ta gaba, ta dubi wuyan rigarsa da ya ƙoƙe. Mutumin da ya ba wa shekara talatin baya, yana durƙushe a gabanta idonsa ya kawo ruwa. Ta ce to. Uwa ce, shi kuma ya san haka, da shi ya yi aiki. Da zai fita ya tattara sandunan asibitin ya tafi da su, wai kada wani ya shigo ya gani.

A lokacin ba a daɗe da yin ruwan shuka ba. Ta tagar ɗakinta ana hango wani ɗan fili da maƙwabci ya zuba masara, ta fara leƙowa kamar allura.

Winifred ta shiga hidima ba kama hannun yaro. Ta kawo kunu da safe, ta kawo ƙwaya, ta kawo fo, ta kwashe. Gwiwar tana yi wa Mama zugi duk lokacin da ta miƙe ta, sai Winifred ta cusa mata filo a ƙarƙashi, ƙafar ta kwanta a lanƙwashe. Nan Mama ta ji daɗi, ta sa mata albarka. Ba ta san daɗin nan ne zai ci ƙafar ba.

Asabar ɗin ta zo, babban oga bai zo ba, an ce tafiya ta kama shi zuwa waje. Aka sa wata rana. Ita ma ta zo, aka ce masu ɗakin taron sun ba wa 'yan biki. Aka sake sa wata. Sai mahaifin Oga Iyke ya rasu, ya tafi Kudu jana'iza, irin jana'izar da sai an yi wa gida fenti kafin a binne mutum. Masarar maƙwabci ta kai gwiwa, ta kai ƙugu.

"Henry, yau ranar gashi ce."

"Mama, in na fitar da ke, ta ina za mu bi? Duk masu keken layin nan sun san ki."

"To bari in riƙa zagaya ɗakin nan."

"Motsi yana tayar da tsatsa, an koya mana a taro. Ki bar ƙwayar ta gama aikinta daga ciki."

An koya musu ko ba a koya musu ba, Allah ne masani. Abin da dai ake gani shi ne, duk safiya sai ya shigo da waya, ya ce ta juyo da fuska wajen haske, kada ta yi murmushi, ta ɗan yi nishi. Ya ɗauki ƙafar a bidiyo, ya ɗauki fon da ke ƙarƙashin gado, ya ɗauki kwalbar.

'Yan zumuntar mata suka zo dubiya cikin anko, suka cika ɗaki, suka yi waƙa, suka yi addu'a har gumi ya karyo musu. Shugabarsu ta dafa mata kafaɗa.

"Maman Henry, kin yi sa'ar ɗa. 'Ya'yan yanzu wa zai zauna yana jinyar uwa haka? Rawa ta mutu a coci tun da kika kwanta, amma kada ki yi gaggawa."

Mama Jemimah ta buɗe baki. Sai ta hango Henry a bakin ƙofa, riƙe da faranti cike da lemon kwalba, yana kallonta. Ba harara ba ce, roƙo ne, kuma roƙon ya fi harara nauyi. Ta rufe bakinta. Kafin matan su fita ya yi musu bayanin tsatsa, waɗanda ke fama da ciwon baya suka tafi da kwalabe a jaka.

Wata Lahadi, da gida ya tafi sujada, ta sauko da ƙafafunta ƙasa. Ta dafa bango ta miƙe. Diddigen dama ya ƙi taɓa ƙasa, yatsu ne kawai suke kaiwa, bayan cinyarta kuma yana ja kamar an ɗaure shi da igiya. Duk da haka ta ja jiki, bango bango, har ta kai baranda. Iska ta buge ta, ta ji ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa, ta tsaya tana haki. Wata maƙwabciya da ke shanya ta hango ta ta kan katanga, ta ɗaga hannu sama tana yabon Ubangiji. Kafin Henry ya dawo daga coci labari ya gama layin.

Ya shigo ko takalmi bai cire ba.

"Mama, so kike ki kashe ni? Duk wahalar da muka sha, ki zubar da ita a baranda?"

"Muka sha? Kai da wa?"

"Yanzu sai da na bi gida gida ina cewa fitowa kika yi kika faɗi, ciwo ya dawo sabo."

"Henry, dubi ƙafar nan. Ba ta miƙewa."

"Don kin taka ta ba lokaci ba. Na gaya miki."

Washegari ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar ɗakinta. Ya ce don tsaron lafiyarta ne, kada ta sake faɗuwa ba kowa a gida. Shi da ya ƙirƙiro faɗuwar, ga shi har ya fara gaskata ta.

Da Winifred ta zo kwashe fo, Mama ta riƙe mata hannu.

"Wini, 'yata, ke ma mace ce. Kawo mini sandunan nan. In ya fita ki buɗe ni in ɗan taka, ba wanda zai sani."

Winifred ta zare hannunta a hankali.

"Mama, ni zaman aure nake yi. In ya gane, ni zai kora, ba ke ba. Kuma tsakani da Allah, me kika rasa? Abinci na kan lokaci, wanka ina yi miki, kashinki ni nake kwashewa ban taɓa ɓata fuska ba. Wasu surukan ko ruwa ba sa miƙawa."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ɓata fuska ba. Da fara'arta take rufe ƙofa, da fara'arta take danna kwaɗo.

Masara ta fitar da gemu lokacin da Sati ya zo. Ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi ritaya daga aikin kula da shanu a Shika ya koma gona. Ta sa ya tura ƙofa, ta kwashe komai ta gaya masa, ta yaye zane ta nuna masa ƙafar. Sati ya miƙe tsaye.

"Yaron nan ya haukace? Bari in same shi, Yaya. Yau ɗin nan za mu tafi asibiti."

Ta ji muryarsa a tsakar gida tana tashi. Ta ji ta Henry ƙasa ƙasa, Kawu kaza, Kawu kaza. Ta ji an buɗe lemo. Can muryar Sati ta sauka, har ta ji ya yi 'yar dariya. Da ya dawo bai iya haɗa ido da ita ba, aljihun kaftaninsa kuma ya yi tudu daidai girman farar kwalba.

"Yaya, na yi masa faɗa sosai. Amma ya ce an tsayar da rana, wannan karon ba ɗagawa. Har ya ce ni zan zauna a babban tebur a madadin dangi. Ki ƙara haƙuri. Ɗanki ne. In kika tona masa asiri, asirin wa kika tona?"

"Sati, ƙafata fa."

"Ƙafa tana nan, ina za ta je?"

Bayan ya tafi ta juya fuska bango. Ba ta yi kuka ba. Wani abu ne ya tsaya mata a ƙirji, mai zafi, wanda ba ta taɓa ji game da ɗan da ta haifa ba. Ta yi ta roƙon Ubangiji ya cire mata shi, ya ƙi fita.

Ana gasa sabuwar masara a bakin titi ranar da taron ya tabbata. Winifred ta ɗaura mata zanen zumunta, ta kafa mata ɗauri, ta shafa mata hoda. Aka yi hayar keken guragu, aka ɗauke ta kamar buhu aka sa a mota. Rabonta da ganin titi tun farkon damina. Suka wuce wurin suyarta, ta ga wata mata ta kafa kasko a daidai inda nata yake zama.

Ɗakin taron a Sabon Gari ya cika maƙil, 'yan kasuwa, malaman makaranta, ɗalibai masu neman abin yi, tsofaffi masu ciwon gwiwa. Janareta yana ruri a waje, kiɗa yana tashi. Sati yana babban tebur cikin sabuwar hula. Aka kashe fitilu aka haska majigi, sai ga Mama Jemimah a bango, kwance, tana nishi, ga fo a ƙarƙashin gado. Mata suka yi ta tausayawa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, ba ta taɓa sanin har fon zai nuna wa duniya ba.

Oga Iyke ya karɓi makirfo, cikin farar kwat, yana juya harshe daga Turanci zuwa Hausa.

"Jama'a, kun gan ta. Asibiti sun yi iyakar ƙoƙarinsu sun gaji. Amma ɗanta bai gaji ba. Mama, yau ranarki ce. Tashi ki nuna musu."

Kuma a san wannan: a duk ɗakin nan babu wanda ya kai Mama Jemimah son ta tashi. Ba don Henry ba, ba don kwalba ba. Don kanta. Ta dafa hannayen keken, ta sa ƙafar hagu a ƙasa, ta yunƙura. Ta miƙe a kan ƙafa ɗaya. Ta aika wa ta dama saƙo ta sauka, ta dama ta ƙi. Tana nan a lanƙwashe kamar lauje, a rataye, yatsu suna lilo a iska.

Henry ya matso yana murmushi wa jama'a, ya sa baki a kunnenta.

"Mama, ki daina wasa. Babban oga yana kallo."

"Ba ta zuwa."

"Ki miƙe ta."

"Na ce ba ta zuwa, Henry."

Ya durƙusa kamar zai yi mata addu'a, ya kama diddigen da hannu ɗaya, ya ɗora ɗayan a kan gwiwa, ya danna da ƙarfinsa. Ƙarar da ta yi sai da ta rufe rurin janareta. Ta faɗa cikin keken.

Oga Iyke ko gezau.

"Kun ji? Tsatsa ce take fita. A tafa wa Mama."

Ya miƙo mata makirfo don ta ce amin. Ta riƙe shi da hannu biyu ta ƙi saki.

"Da ƙafata na shiga gida," in ji ta. "Ranar da aka cire mini siminti, da ƙafata na shiga. Wannan yaron ne ya kwantar da ni, ya sa kwaɗo..."

Oga Iyke ya ɗaga yatsa, mai kiɗa ya ƙure sauti. Na gaba sun ji, suka dubi juna. Na baya ba su ji ba, suka ci gaba da tafi. Aka tura keken ta ƙofar gefe. Sati ya zare hularsa ya bi bayanta, lemonsa ko rabi bai sha ba.

A mota, da suka wuce Kwangila, Henry ya juyo gare ta.

"Kin ji daɗi yanzu? Kin kunyata ni a gaban ogana. Tun farko da shakka kike shan ƙwayar nan, ta yaya za ta yi miki aiki?"

Ta lura dai bai tambaya ko gwiwar tana ciwo ba.

Sati ne ya kai ta Shika ranar Litinin, kunya ta hana shi barci. Madam Remi ta gane ta tun daga nesa, fara'arta ta ɗauke da ta ga keken.

"Mama, ina kika shiga?"

"Ɗaki."

Ta kwantar da ita, ta bi bayan cinyar da yatsu, ta gwada miƙe gwiwar, gwiwa ta tsaya inda ta tsaya.

"Taɓa nan, Mama. Kin ji tauri? Nan nama ne da, mai laushi, mai miƙewa ya dawo. Da ya zauna wuri ɗaya ba motsi, sai ya gajarce, tabo ya cike shi. Tabo kuwa ba ya miƙewa yadda nama yake yi."

Sati ya zaro kwalbar daga aljihu, murya ƙasa ƙasa.

"Madam, wannan fa? An ce tana hana irin wannan."

"Ban ce guba ce ba, Baba. Ko tana da wani amfani ko ba ta da shi, ba ta lanƙwasa gwiwa. Ba a haɗiyar motsi."

"Zan taka?" in ji Mama Jemimah.

"Za mu yi ta gashi, zai yi zafi fiye da karayar, kuma zai ɗauki lokaci. Wataƙila sai likitoci sun duba ko za a yi aiki. Ina sa ran ki taka da sanda. Diddigen ya zauna daram a ƙasa kamar da, wannan ba zan yi miki alkawari ba."

"Rawa fa?"

Madam Remi ta shiga gyara zanen gado.

A hanya Sati ya yi ta cewa shi bai san abin zai kai haka ba. Winifred ta ce ita dama zuciyarta ba ta kwanta ba. Shugabar zumunta ta ce da an gaya musu ai da sun yi magana. Haka abin yake. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya hana ta abinci, ba wanda ya zage ta. Kwantar da ita kawai aka yi, cikin ladabi, ana ce mata Mama. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa hannunsa fes. Ƙafar ce dai ta lanƙwashe ita kaɗai.

An cire kwaɗo, an dawo mata da sandunanta, don yanzu ba abin da za a ɓoye. Ta ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai ta ga baƙi sun fara sintiri a gidan, fiye da da. Daga ɗakin Henry kuma, duk wanda ya shigo, sai ta jiyo wata murya a waya tana rera waƙar godiya, wata kuma tana dariya. Ta san dariyar. Tata ce.

Wata rana wata mata daga Sabon Gari ta leƙo ɗakinta, ta durƙusa.

"Sannu, Mama. Na ce sai na gaishe ki da idona. Ke ce ta cikin bidiyon ko?"

"Wane bidiyo?"

Matar ta matso da waya. Ga Mama Jemimah kwance tana nishi, an rubuta Kafin. Ga farar kwalba tana juyawa. Sai ga ta da sanduna, tana takawa daga ƙofar gida zuwa gindin mangwaro, tana dariya, tana girgiza kafaɗa. An rubuta Bayan.

Ranar farko ce. Ranar da ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa harshenta ba. Ya ɗauko farko ya mai da shi ƙarshe.

"Maigidana ne ya samu shanyewar ɓarin jiki," in ji matar. "Asibiti suna ta wahalar da shi, ɗaga hannu, taka ƙafa, yana kuka. Oga Henry ya ce mu bar shi ya huta, ya sha wannan, kamar yadda aka yi miki."

Abin nan mai zafi da ya daɗe a ƙirjin Mama Jemimah ya motsa. Wannan karon ba ta roƙi a cire mata shi ba. Ta yaye zane.

"Taɓa."

Matar ta yi turus.

"Na ce taɓa, 'yata. Ga yadda aka yi mini. Ki koma ki ɗaga mijinki, ko yana zaginki ki ɗaga shi."

Matar ta fita ba ta ko kalli ɗakin Henry ba.

Washegari da hantsi Mama Jemimah ta ja sandunanta, ta ja benci da ƙafar hagu, kaɗan kaɗan, har ƙofar gida ta waje. Ta zauna, ta ɗora ƙafar dama a kan bencin, ta naɗe zane zuwa cinya. Ta cire ɗankwalin zumunta ta zarga a tafin ƙafar tana ja, tana saki, yadda Madam Remi ta koya mata, hawaye suna zuba tana sharewa da kafaɗa. Ƙofar gidan ƙarama ce. Duk mai shiga sai ya raɓa ta gefen ƙafar.

Henry ya fito da sauri, ya durƙusa irin durƙuson nan nasa.

"Mama, don Allah ki shiga ciki. Mutane suna kallo."

"Su kalla."

"Za ki kashe mini kasuwa. Ni fa ɗanki ne."

"Na sani. Ni na haife ka, shi ya sa na kwanta." Ta ja ɗankwalin har sai da ta yi nishi. "Ka ce in ba da shaida a gaban jama'a, mai kiɗa ya hana. Nan ba mai kiɗa."

Ya ɗaga hannu kamar zai kama bencin, ya ga masu keke sun tsaya a bakin layi suna kallonsa, ya mai da hannun aljihu.

Wani dattijo ya sauko daga keke napep yana dafa ƙugu, waya a hannu, yana duba lambar gida. Ya dubi wayar, ya dubi fuskarta, ya washe baki.

"Ƙaraso, Baba," in ji Mama Jemimah. "Ni ce ta cikin bidiyon. Kafin ka shiga, zo ka taɓa."